Kwalbar Ma'adinai Ta Naira 18,000: Abin Da Na Gani A Gidana

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani matashi ɗan unguwarmu a nan Zariya, wanda na koyar da shi kimiyyar sinadarai a sakandare shekarun baya, ya tare ni a ƙofar gida da 'yar jakarsa a rataye. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ya ji labarin jikin Inna. Gaskiya ne kuwa. Ta kusa wata biyu tana fama da kasala. In za ta tashi daga kan darduma sai ta dafa bango, tafin hannunta ya yi fari, malmalar tuwon da take cinyewa tas ta koma rabi, shi ma sai an lallaɓa.

Ya zuge jaka ya fito da wata farar kwalba ta roba mai koren murfi. Ya ce, "Malam, wannan ba magani ba ne, abinci ne. Ƙasarmu ta gaji, takin zamani ya tsotse komai, abin da ake nomawa yanzu ba irin na da ba ne. Sinadari ashirin da huɗu ne a cikin ƙwaya ɗaya. Ku ba Hajiya, cikin sati biyu za ku ga canji." Na biya naira 18,000 a kashi biyu. Kafso sittin ne a ciki, ɗaya kowace rana.

Ba zan kira sunan kamfanin ba, domin ire-iren wannan kwalba sun cika kemis-kemis da shafukan Facebook da WhatsApp, kuma in ka juya bayansu kusan rubutu ɗaya ne. Wanda ya fahimci wannan zai iya karanta sauran.

In faɗi alherinta tukuna. An liƙe bakinta da kyau, akwai ranar da aka yi ta da ranar da za ta lalace, akwai lambar rajistar NAFDAC. Kafson ba shi da girman da zai maƙale wa tsohuwa a wuya, ba shi da wari. An rubuta yawan kowane sinadari a fili, abin da yawancin garin haɗe-haɗen da ake tallatawa a mota da lasifika ba sa yi. Ban ga alamar jabu ba, kuma har yau ban yi zargin jabu ba ce. Sai dai a can ƙasa, da rubutun da sai na sa tabarau, an ce hukuma ba ta tantance iƙirarin da aka yi a jikin kwalbar ba. Wannan layin ban gan shi ba sai daga baya.

Kwana uku na farko Inna ta sha da sassafe kafin karin kumallo, kamar yadda yaron ya ce, wai ya fi shiga jiki. Kowace rana sai tashin zuciya ya biyo baya. Rana ta uku ta ce mini, "Malam, wannan abin naka juya mini ciki yake yi." Na ce, "Inna, ku daure, ku riƙa sha bayan kun ci abinci." Da aka koma haka tashin zuciyar ya daina. Wannan halin zink ne, ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin kafson, in ya sauka a cikin da babu komai yakan tayar da zuciya, kuma ya kamata a ce an rubuta hakan da manyan baƙaƙe a gaban kwalbar. Ba a rubuta ba.

Sati biyu suka wuce, na uku ya shiga, ba canji. Wata safiya jiri ya ɗebe ta a bakin banɗaki, Allah ya sa uwargida tana kusa ta tare ta. A ranar na ɗauke ta muka tafi asibiti. Aka auna jini, awon ya nuna 8, alhali ga mace duk abin da ya gaza 12 ƙarancin jini ne. Likitar, wata mace mai natsuwa, ba ta tsaya nan ba. Ta ce ruwa ba ya tsami banza, tsohuwar da ta daɗe da daina al'ada ba ta rasa jini haka kawai. Ta juya wajen Inna ta ce, "Mama, wane magani kuke sha a gida? Bayan gidanku ya canza launi?" A nan ne na ji abin da ban sani ba, ni da muke gida ɗaya. Ashe fiye da shekara Inna na aiken jikoki kemis su sayo mata ƙwayar ciwon gwiwa, irin su dikilofenak, tana sha safe da dare, kuma ta jima tana ganin bayan gida baƙi ta yi shiru. Ƙwayar ta ci cikinta, jini na zurara kaɗan-kaɗan. Aka dakatar da ita, aka rubuta maganin gyambon ciki da ƙwayar ayon, wato sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, aka ce mu dawo awo.

Na miƙa wa likitar kwalbar. Ta juya bayanta ta duba, ta nuna mini da biro: babu ayon a ciki ko kaɗan. Ta ce ko da akwai ma, toshe inda jinin ke fita shi ne aiki na farko. Wannan shi ne babban ƙorafina a kan wannan haja, kuma ya fi kuɗin ciwo a raina. A gabanta an rubuta tana kawar da kasala da gajiya, na yarda, na zauna sati uku ina jira, mahaifiyata tana zubar da jini. Kasala alama ce, tana iya zama ta ƙarancin jini, ta ciwon suga, ta ƙoda, ta zuciya. Kwalbar da ta yi alkawarin kawar da ita ba tare da awo ba tana jinkirta mutane ne daga zuwa inda za a gano asalin ciwon.

Daren nan na zauna da kwalbar da jan birona na makin jarrabawa, na bi jerin layi-layi.

Na farko zink, miligiram 15. Namiji baligi yana bukatar kimanin 11 a rana, mace 8, don haka wannan ya isa har ya ɗan ɗara. Zink abu ne da nake girmamawa. Shi ke taimakon warkewar rauni, da garkuwar jiki, da girman yaro, har da jin ɗanɗanon abinci. An gano illar rashinsa ga ɗan Adam ne ta hannun Dakta Ananda Prasad, wanda a 1961 ya ba da bayanin wasu samari a ƙasar Iran, ɗaya daga cikinsu ya haura shekara ashirin amma jikinsa kamar na ɗan shekara goma, ba su balaga ba, abincinsu gurasar alkama ce kusan zalla, suna kuma cin ƙasa. Ya sake samun irinsu a Masar, a can aka tabbatar zink ne suka rasa. Duk lokacin da na ba ɗalibai wannan labari sai na tuna da gidajenmu, inda tuwo da kunu su ne safe da dare, nama kuwa sai ranar suna ko sallah. Hatsi da wake suna da zink da ayon, amma suna ɗauke da wani sinadari, fayitet, wanda ke ƙanƙame su ya hana hanji tsotsa.

Abin da ya burge ni shi ne iyayenmu sun daɗe da samun dabarar wannan ba tare da sun san sunansa ba. Jiƙa gero ya kwana kafin a markaɗa, barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko, ƙullun waina da ake bari ya tashi, tsiron dawa, kalwar da ake rufewa kwanaki har ta zama daddawa, duk waɗannan suna karya fayitet su saki abin da ya riƙe. Yau da yawa daga cikin gidaje an koma gari busasshe daga inji kai tsaye zuwa tukunya saboda sauri. Ba na ganin laifin matan, aiki ya yi musu yawa, amma an yi asarar wani abu a nan, kuma kwalba ba ta gaya maka haka.

Inda zink ya fi nuna kansa a idona shi ne gudawar yara. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa wa yaro mai gudawa ruwan gishiri da suga da ƙwayar zink, miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata shida ba kuma miligiram 10. Wannan ƙwayar ana samun ta a ƙananan asibitoci da kemis a kuɗi kaɗan, tana gajarta ciwon, tana rage dawowarsa. Ƙaramar 'yata ta sha ta a daminar bara. Amma ga babba, in ya wuce miligiram 40 a rana ya daɗe a haka, zink ɗin zai hana jiki tsotsar kofa, wato sinadarin jan ƙarfe, daga nan sai wani sabon ƙarancin jini da matsalar jijiya. Na san mutanen da ke haɗa kwalba biyu, uku, ta ƙarfin maza daban, ta gashi daban, ta garkuwa daban, kowacce da nata zink, ba wanda ya taɓa zama ya yi jimla.

Na biyu aidin, maikurogiram 150, daidai bukatar babba a rana. Mai ciki da mai shayarwa 250 suke bukata. Maikurogiram kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram, abin da ido ba zai gani ba, amma na ga aikin rashinsa da idona. Gwaggona, yayar mahaifinmu, ta rayu da maƙoƙo kamar ƙaramar ƙwarya a wuyanta, kullum da mayafi a naɗe ko ana zafin bazara. A ƙauyenmu lokacin ina yaro ba ita kaɗai ba ce, har ana cewa gado ne ko ruwan wata rijiya. Maƙoƙon ma shi ne ƙaramin abu. Babban shi ne ƙwaƙwalwar jaririn da ke ciki, wadda ba ta ginuwa daidai in uwa ta rasa aidin, kuma wannan ba ya gyaruwa daga baya. Mu da muke nesa da teku, muke cin gero da rogo, abin ya fi shafar mu. An yi nazari a Darfur ta Sudan da ya danganta yawan cin gero da maƙoƙo a inda aidin ya yi ƙaranci, rogon da ba a jiƙa shi sosai ba shi ma yana ƙara matsalar.

To, abin da ya rage maƙoƙo a ƙasar nan ba kafso ba ne, gishiri ne. Suwizalan ta fara sa aidin a gishiri a 1922, Nijeriya ta wajabta shi a 1993. Yaran da nake koyarwa yanzu da yawansu ba su taɓa ganin mai maƙoƙo irin na Gwaggo ba. Da na leƙa madafinmu sai na tarar da gishirin awo, wanda ake ɗiba da gwangwani daga buɗaɗɗen buhu a kasuwa, an juye shi a kwano ba murfi, kusa da murhu. Inna kuma tana da ɗan gishirin Balma da take ajiyewa don miyarta, ta ce ya fi ɗanɗano. Ban raba ta da shi ba, amma shi ba a sa masa aidin, wanda kuma aka sa wa, danshi da zafi da zama a buɗe suna rage shi. Washegari na sayo na leda wanda aka rubuta yana da aidin, muka juye a roba mai murfi. Kuɗinsa bai kai na kafso biyu ba, kuma gida duka ke ci. Wannan ba dalilin zabga gishiri a miya ba ne, musamman ga mai hawan jini. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba ƙasa da giram 5 ne a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya.

Seleniyam, maikurogiram 55, shi ma daidai bukata. Yawansa a abinci ya danganta da ƙasar da aka noma shi, don haka maganar yaron game da ƙasa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. A gundumar Keshan da ke arewa maso gabashin ƙasar Sin, a 1935, an ga wani ciwon zuciya yana kashe yara da mata masu haihuwa, sai bayan shekaru aka gano ƙasar yankin ce ba ta da seleniyam. Amma mai cin kifi, ko busasshe ne, da ƙwai da hanta da ƙoda yana samun nasa. Kuma tazarar da ke tsakanin isa da yawa ba ta da faɗi. In ya haura 400 a rana gashi na zuba, farce na karyewa, baki na warin tafarnuwa. Duk waɗannan ƙananan ma'adinai haka suke. Fuloraid kaɗan yana kare haƙori, amma a Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan burtsatse mai fuloraid fiye da kima ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa ya ɓata haƙoransu. Duk wanda ya san wannan labari ba zai yarda da maganar "ai abinci ne, ba ya illa" ba.

Kofa da manganis da kuromiyam da molibdinam ban daɗe a kansu ba. Jiki na bukatarsu, amma mai cin wake da gyaɗa da riɗi da hatsi da ganye da wuya ya rasa su. Suna cikin jerin, sun ƙara masa tsawo.

Inda raina ya ɓaci shi ne rukunin ƙarshe, wanda aka rubuta da ruwan zinare a gaban kwalbar: kolin, inositol, kanitin, CoQ10. Waɗannan su ne ake kira masu kama da bitamin. Bambancinsu da bitamin na ainihi shi ne jiki yana iya haɗa su da kansa. Kanitin hanta da ƙoda ke yin sa, yana kuma cikin jan nama. Inositol jiki na yin sa daga suga. CoQ10 daga zuciyar saniya aka fara fitar da shi a 1957, yana cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu. Mai lafiya ba ya bukatar sayensu. Akwai marasa lafiyar da likita kan rubuta wa ɗaya daga cikinsu, amma a awon da ya kai. CoQ10 da ake gwadawa a kan marasa lafiya yakan kama daga miligiram 100 zuwa sama. A kwalbata 5 ne.

Kolin shi ne na daban a cikinsu, domin wanda hanta ke yi ba ya isa, dole a ƙara daga abinci. Yana aiki a hanta, yana aiki a ƙwaƙwalwa, yana da muhimmanci sosai ga ɗan da ke ciki. A 1998 Cibiyar Likitanci ta Amurka ta ƙayyade miligiram 550 a rana ga namiji, 425 ga mace, 450 ga mai ciki, 550 ga mai shayarwa. Kafso ɗaya na kwalbata yana da miligiram 10. Na sake dubawa ko sifili ya goge, bai goge ba. Babban ƙwai guda yana da wajen 147, kusan duka a gwaiduwa. Na yi lissafi a gefen takarda: kafso sittin sau 10, 600 ke nan, wato duk kolin ɗin da ke cikin kwalbar daga farko har ƙarshe kusan daidai yake da na ƙwai huɗu. Kuɗin da na biya kuwa a lokacin zai sayi kiret uku, ƙwai casa'in, waɗanda ke zuwa da nasu seleniyam da aidin da furotin. An sa sunan kolin ne don a ƙirga shi cikin ashirin da huɗu. Kallon kitse na yi wa rogo.

Wannan ya tuna mini da yadda a wasu gidaje har yau ake hana yara ƙwai wai za su koyi sata, ake hana mai ciki wai ɗa zai yi girma ta sha wuyar haihuwa. Na fi jin ciwon wannan a kan tsadar kowace kwalba.

Sauran kafson, kusan arba'in, ni na ci gaba da sha bayan abincin rana har tsawon wata guda, don kada in yanke hukunci a kan abin da ban gwada ba. Bai dame ni da komai ba. Ban ji ƙarin ƙarfi ba, barcina da cin abincina suna nan yadda suke. Abu ɗaya da ya canza shi ne fitsari ya koma ruwan ɗorawa shar. Yaron ya taɓa ce mini wannan alamar wanke datti ce. Ba haka ba ne. Bitamin B2 ne da ke cikin haɗin, wanda ya yi wa jiki yawa, ƙoda ke fitar da shi da launinsa.

Akwai waɗanda irin wannan kwalba za ta yi wa amfani, ba na musun haka. Tsohon da haƙoransa suka zube ba ya iya tauna nama, wanda ya tashi daga doguwar jinya cinsa bai dawo ba, wanda aka yi wa aikin hanji. Ga waɗannan zink da aidin da seleniyam ɗin da ke ciki sun kai awo, kuma in likita ya ce a sha, a sha, sai dai akwai masu wannan awon a kemis da ba su kai rabin kuɗin nan ba. Mai ciki kuwa kada ta ajiye ƙwayar ayon da folik asid ɗin da ake ba ta a wajen awo ta kama wannan. Mai sikila da ake yi wa ƙarin jini, da mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin tsinka jini, kada su sha kowane irin haɗi sai da sanin likitansu. Duk kwalbar da ke da ayon a ciki kuma a ɗaga ta sama, yaro in ya haɗiye da yawa yana iya rasa ransa.

Inna yanzu wata biyu ke nan tana kan maganin asibiti. Likita ta ce ta raba shayi da abinci da awa ɗaya ko biyu, domin shayi na hana ayon shiga, wannan kuwa ya fi komai yi mata wuya. Uwargida na dafa mata hanta sau ɗaya a mako, ƙwai ɗaya da safe, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir a matsa lemun tsami, wani lokaci goba in ta samu. Mun koma jiƙa gero tun dare. Awon ƙarshe ya nuna 10 da ɗoriya. Ta daina dafa bango, jiya ma ita ta tsince wake a tsakar gida.

Makon jiya yaron ya dawo, ya ce kwalbar ta isa ƙarewa, ya kawo sabuwa, har an yi rangwame. Na shigo da shi zaure, na ɗauko tsohuwar da takardar lissafina, muka bi jerin tare kamar yadda muke yi a aji. Da muka zo kan kolin ya yi shiru, ya karɓi biron ya sake ninka sittin da goma da kansa. Ya ce, "Malam, wallahi a wajen taro ba su taɓa nuna mana bayan kwalbar ba." Na yarda da shi, neman halal yake yi, kuma shi ma kuɗinsa ya zuba ya sayi kayan. Na ce ba zan sayi ta biyu ba. Na roƙe shi abu ɗaya, duk wanda ya ce masa tsohuwarsa na kasala ko jiri, ya fara tura shi awon jini kafin ya buɗe jaka. Ya nemi in ba shi takardar lissafin ya tafi da ita, na ba shi.